Babi na Shida: Buhun da Ba Shi da Shaida

A Yagwa, in mutum yana son waƙa ba ya neman shagon faifai. Wayarsa zai ɗauka, ko ya zare ɗan katin memori daga cikin rediyonsa, ya miƙa wa yaron da ke zaune gaban kwamfuta a bakin kasuwa ya ce a cika masa. Yaron zai tambaye shi iri: na Hausa ko na Fillanci, wa'azi ko na fim, na da ko na yanzu? Kafin ya shanye kofin shayi an gama tura masa abin da a zamanin kaset sai an cika akwati uku da shi.

Garin kuwa mahaɗa ce. Shi ne hedkwatar gundumar Mayo-Danay a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kusa da kogin Logon, kuma da ka tsallake ruwan ka faɗa Bongor ta ƙasar Cadi. Masa da Musgum da Tufuri da Fulani da Hausawa 'yan kasuwa duk suna cin kasuwa ɗaya. Saboda haka kati guda kan ɗauko Mamman Shata da Musa Ɗankwairo, ga Ali Baba na Garwa da Isnebo na ƙungiyar Faadah Kawtal, ga waƙoƙin guruna na Masa da wani ya ɗauka da waya a filin rawa, ga na Larabci daga Njamena da Sudan, ga makosa daga kudu, ga Hamisu Breaker da Ado Gwanja. Dukiya ce ta gaske. Amma buɗe katin a kwamfuta ka ga yadda aka jibge ta: Track 01, Track 01 na biyu, AUD-20190312-WA0007, "sabuwa", "mai daɗi 2", sai wata da aka cike gurbin sunanta da lambar wayar wanda ya tura ta.

Mutanen Yagwa sun fi kowa sanin illar wannan, ko da yake a wani fagen. Tun 1971 da aka kafa kamfanin SEMRY, noman shinkafa shi ne ƙashin bayan yankin, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin buhuna ya san ba a sa buhu a mota sai an yi masa shaida. Buhun da ba shaida ba sai ɓarawo ya taɓa shi ba, a tasha ma yana iya ɓata, yana nan a gaban kowa amma ba mai iya cewa na wane ne. Yawancin waƙoƙinmu a irin wannan hali suke yau. Sautin yana nan, yana ma ƙara yaɗuwa, sunan mai shi ne ke zubewa a hanya.

Abin da wannan babi zai duba shi ne yadda gida guda zai tattara waƙoƙinsa a na'ura ɗaya, irin wadda ake kira saba ko uwar garke, ni kuwa na fi son in ce mata rumbu, ta yadda kowa a gidan zai saurara daga wayarsa ba tare da ya sayi data ba. Masu fara wannan aiki sukan fara da tambayar wace na'ura za su saya. Ni na ajiye ta a baya da gangan, domin na'ura kuɗi ke sayenta ko yaushe aka samu, shaidar waƙa kuwa tana bakin mutanen da ba za su jira mu ba.

Akwai labarin da ke nuna girman lamarin. Wajen 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya zauna a Kidal, arewacin Mali, yana musayar waƙoƙi da matasa daga waya zuwa waya. Daga abin da ya tara ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds. Tara waƙoƙin bai ba shi wuya ba. Wahalar ta zo ne da ya tashi neman masu su domin ya nemi izini ya kuma biya su, saboda fayilolin da yawa ba sa ɗauke da sunan kowa. Ɗaya daga cikin waɗanda ya bi sawu har ya gano shi ne Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita daga Nijar, wanda ya yi rikodin kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin sun ratsa sahara a cikin wayoyi, sun riga sunan mai su isa ko'ina. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandamalin Turai da Amurka. Shi ya dace da wanda ya nace. Mawaƙiyar biki da aka ɗauka da waya a wata unguwa ta Marwa ko Mubi, wa zai bi sawunta?

Fayil na MP3 yana da ɗan aljihu a jikinsa da aka tanada domin wannan shaida, sunansa ID3. Wani mai suna Eric Kemp ne ya ƙirƙiro na farko a 1996, kuma ƙarami ne ƙwarai: bayit 128 a ƙarshen fayil, harafi 30 ga sunan waƙa, 30 ga mawaƙi, 30 ga kundi. Rubuta "Alhaji Musa Ɗankwairo Maradun" ka ga gurbin ya kusa cika. Nau'in kiɗa kuma ba rubutawa ake yi ba, zaɓa ake yi daga jerin guda 80, inda aka ba kiɗan rawar Turai irin su polka gurbi, amma duk kiɗan kalangu da kotso da goge da kuntigi sai dai a tura su ƙarƙashin "na ƙabilu". Daga 1998 aka fito da ID3 na biyu, wanda ya faɗaɗa gurabun, ya ba da damar saka hoto da baitocin waƙa da duk bayanin da mutum ya so. Shi ake amfani da shi yanzu, kuma manhajoji na kyauta kamar Mp3tag a kwamfuta suna iya gyara fayil ɗari a lokaci guda.

Sai dai har yanzu tsarin yana tunanin waƙa ne yadda kamfanin faifai na Turai ke tunaninta: mawaƙi, kundi, lamba ta nawa a kundi, shekara. Waƙar Hausa ta baka ba a haka aka gina ta ba. Wanda ke neman Ɗankwairo ko Narambaɗa ko Jankiɗi, abin da yake tambaya shi ne "wadda ya yi wa Sardauna", "ta Sarkin Gobir na Isa", "ta Sarkin Musulmi". Ubangidan da aka yi wa waƙar shi ne rabin sunanta. Sannan Shata kan rera waƙa ɗaya sau da yawa, a wurare daban, kowane karo da sababbin ɗiya da sababbin sunaye, ta yadda wadda aka ɗauka a gidan rediyon Kaduna da wadda aka ɗauka a wajen biki ba za a ce abu ɗaya ba ne, ko da amshinsu ɗaya. Manhajar da ke share fayiloli masu suna iri ɗaya za ta ɗauke su kwafi ne ta jefar da guda. Kada ka bar na'ura ta yi maka wannan hukunci. Ita Bakandamiya ma ba ta mutum ɗaya ba ce, Shata yana da tasa, Narambaɗa yana da tasa, wasu ma haka. Fayil da aka rubuta wa "Bakandamiya" kawai bai faɗi komai ba.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ari gurabun da ke akwai a juya su. Gurbin kundi a sa masa asalin rikodin: "Kaset na Baba, lamba 14" ko "Bikin sallah, Yagwa, 2018". Gurbin nau'i a rubuta da hannu: fada, noma, dambe, bege, fim, amada, guruna. Gurbin sharhi kuma shi ne babban fili, a nan za a sa wanda aka yi wa waƙar, da kayan kiɗan, da harshen, da inda aka samo ta, da sunan wanda ya tabbatar da bayanin. Shekara kuwa, in ba ka sani ba bar gurbin a buɗe. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma za ka tarar da fayilolinsu ɗauke da 2021, wato ranar da wani ya ɗora su a intanet. Gurbin da ba a cike ba yana kiran wanda ya sani ya zo ya cike. Wanda aka cike da ƙarya, ba mai sake waiwayarsa.

Waƙoƙin fim suna da tasu cutar, kuma ita ta fi damuna. Mai turawa yakan sa sunan fuskar da ya gani a bidiyo, wato jarumi ko jaruma, alhali muryar ta wani ce da ya shiga situdiyo a Kano ya rera. Mata masu rerawa su suka fi shan wannan, domin muryoyinsu sun cika gidajen aure daga Zinder zuwa Ngaundare amma fayil bai san da su ba. In ka san wadda ta rera, sa sunanta a gurbin mawaƙi, jaruma kuma ta koma sharhi tare da sunan fim ɗin. Wannan ɗan rubutu haƙƙi ne ake mayar wa mai shi.

Daga nan sai rikicin rubutu, wanda a gari kamar Yagwa yake ninki biyu. Yaron da ya yi makaranta da Faransanci zai rubuta Chata, ɗan uwansa da ya yi karatu a Yola zai rubuta Shata. Wani ya sa Mamman, wani Mamane, wani ya fara da Alhaji, wani da Dokta saboda digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi. A wurin na'ura waɗannan mutum huɗu ne ko biyar, kuma za ta raba musu waƙoƙin. Magani shi ne gida ya yanke shawara sau ɗaya a kan rubutu guda ga kowane mawaƙi, a rubuta jerin a littafi, a daina sauyawa. Lakabi da sarauta su tafi sharhi.

Haruffa masu ƙugiya kuma, ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ŋ na Fillanci, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma da ID3 na farko ya dogara da shi. Shi ya sa kake ganin alamar tambaya ko ɗan akwati a tsakiyar sunan Ɗankwairo a allon rediyon mota. A zaɓi ID3 siga ta 2.3 da tsarin haruffa na UTF-16, domin shi ne mafi yawan na'urori ke iya karantawa. Ni abin da nake yi, a cikin shaida ina rubuta Hausa daidai da ƙugiyoyinta, sunan fayil na waje kuma ina barinsa ba ƙugiya, saboda ƙananan rediyoyi masu cin kati sunan waje kawai suke dubawa. Kuma ko wace manhaja aka yi aiki da ita, a tabbata tana rubuta bayanin a jikin fayil ɗin. Wasu sukan ajiye gyaran a nasu kundin ne kaɗai, ranar da ka tura waƙar ta Xender ko Bluetooth sai ta fita tsirara kamar yadda ta shigo.

Mai karatu zai ce ai akwai manhajar da ke sauraron waƙa ta gano sunanta da kanta. Akwai. MusicBrainz babban kundi ne na kyauta da masu sa kai ke cikawa, manhajarsa Picard kuma tana ɗaukar sawun sautin waƙa ta kwatanta da abin da ke cikin kundin. A kan makosa da waƙoƙin Kongo da na Indiya za ta rage maka aiki sosai. A kan kaset ɗin Haruna Uji da aka kwafa sau biyar, ko Barmani Coge a wajen suna, galibi shiru za ta yi, domin ba wanda ya shigar da su. Kundinmu yana zaune a kan tabarma a zaure. Tsohon direban da ya yi shekaru yana hanyar Marwa zuwa Kano, tsohuwar da ta halarci bukukuwa fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, mai sayar da kaset na da wanda yanzu ya koma sayar da caja, su ne za su ji daƙiƙa goma su ce maka wannan wane ne, ga wanda ya yi wa, ga abin da ya jawo. A zauna da su da waya da littafi, a ɗauki muryarsu ma in sun yarda, domin labarin da za su bayar a gefe yakan fi sunan da ake nema daraja.

To, yanzu na'ura. Abu huɗu ne ke yanke hukunci a Yagwa: wuta, zafi, ƙura da ruwa. Ƙarfin na'ura ba ya cikin lissafi, domin tura sauti zuwa waya biyar ko goma aiki ne da kwamfutar shekara goma sha biyar da ta wuce za ta yi tana hutawa.

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai kusa da Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. In ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, kuma garin da ke can ƙarshen layi ya fi jin jiki. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage matsalar, amma ba wanda zai gina rumbunsa a kan zaton wuta ba za ta ɗauke ba. Babbar kwamfutar tebur ta ofis tana shan wat sittin zuwa ɗari, don haka a manta da ita. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi 4, wadda ba ta fi tafin hannu ba, wajen wat biyar take sha. Haɗa ta da rauta mai ba gida Wi-Fi, duka biyun wajen wat goma. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in rabinsa kawai aka ja don kada ya lalace, zai riƙe su sama da kwana biyu ko rana ba ta fito ba. Da yake su duka wutar batir suke ci, ba sai an bi ta inbata ba, ɗan abin rage ƙarfi daga bolt 12 zuwa 5 ya isa, kuma asarar wuta ta ragu. Wanda bai samu Raspberry Pi ba, tsohuwar kwamfutar cinya ta wadatar, har ma ta zo da nata batirin da zai tare ɗaukewar wuta. Sai dai a riƙa duba batirin, in ya fara kumbura a cire shi nan take.

Manhajar rumbun kanta kyauta ce. Navidrome ba ta da nauyi kuma waƙa kawai ta sani, Jellyfin kuma tana haɗawa da fim. Dukansu suna aiki a cikin gida ba tare da intanet ba, kuma dukansu abin da ka rubuta a shaida shi za su nuna maka, ba ƙari ba ragi.

Wurin ajiya lissafinsa mai sauƙi ne. MP3 na yau da kullum yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, wato kati mai gigabayit 32 yana ɗaukar waƙa ta minti biyar sama da dubu shida. Faifan ajiya mai terabayit ɗaya ya fi ƙarfin abin da gida zai tara. Inda ake buƙatar fili shi ne kaset. Wanda zai juya kaset zuwa kwamfuta ya ajiye kwafin asali a tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga sautin, kaset na minti 90 kan ci wajen rabin gigabayit. Daga shi sai a fitar da MP3 na yawo. A yi juyin da waya daga jikin rikoda zuwa kwamfuta, bayan an goge kan da ke karanta zaren, kada a kanga wayar salula a bakin lasifika. Kuma mayar da MP3 mai rauni zuwa babban fayil ba ya dawo da abin da ya riga ya zube, wuri kawai zai ci.

Kada a amince wa katin memori da ainihin dukiyar. Ɗaukewar wuta a lokacin da na'ura ke rubutu tana iya birkita shi gaba ɗaya, kuma jabu sun cika kasuwa. Na taɓa sayen wanda aka rubuta wa gigabayit 64, ya karɓi duk abin da na zuba masa ba musu, sai da na zo saurare na tarar fiye da rabin fayilolin suna nan da sunayensu amma ba sauti, kuma na riga na share na asali daga waya. Tun ranar ba na zuba komai a sabon kati sai na gwada shi da H2testw, wadda ke cika shi taf ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa.

Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40 a inuwa, a ɗaki mai rufin kwano kuwa ya wuce haka. Raspberry Pi tana rage gudu da kanta in cikinta ya kai wajen digiri 80. Fanka tana sanyaya ta, amma da hunturu fanka ita ce ke zuƙo ƙura ta cusa a ciki. Gidan ƙarfe na alminiyom mara fanka, wanda jikinsa ke fitar da zafin, ya fi dacewa da wannan ƙasa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo sanyi, nan ya kamata a kai ta, a kan kanta mai tsawo, nesa da taga da hannun yara. Don aikin kullum SSD ya fi, domin ba abin da ke juyawa a cikinsa kuma bai damu da girgiza ba. Don kwafin da za a rufe a akwati a daɗe ba a taɓa ba, faifai mai juyawa ya fi aminci, saboda SSD da aka bari shekaru ba wuta a wuri mai zafi yana iya fara mantuwa.

Tsawon kantar nan ba don yara kaɗai ba ne. Yagwa tana cikin fadamar Logon, kuma ambaliyar damunar 2012 da ta 2024 sun shiga gidaje a Mayo-Danay sun raba dubban mutane da muhallinsu. Kwafi biyu a ɗaki ɗaya ruwa ɗaya ne zai ci su. Na biyun ya tafi wurin ɗan uwa a Marwa ko Garwa, a cikin leda mai kauri, duk sallah in an haɗu a sabunta shi. Littafin da aka rubuta jerin sunaye da bayanan dattawa shi ma a ɗauki hoton shafukansa a zuba a faifan.

Kafin a sa kowane kaset a rikoda, a fara ɗaukar hoton takardarsa gaba da baya, har da jikin kaset ɗin in an yi rubutu a kai. Iyayenmu sun yi wa buhunansu shaida iyakar iyawarsu, da biro, wani da boko wani da ajami: sunan makaɗi, garin da aka saya, wani lokaci har da bikin wanda aka ɗauka. ID3 na biyu yana da gurbin hoton bangon faifai, kuma bai damu ko hoton daga kamfani ya fito ba. A saka na takardar a nan. Ranar da jikan gidan ya tsallaka Bongor ya tura wa abokinsa waƙar, abokin ya kunna, abin da zai bayyana a allon wayarsa shi ne rubutun hannun kakan da bai taɓa gani ba, da tawadar da ta fara kodewa, da sunan makaɗin a saman layi.